Yadda Ake Koyar da Ƙananan Yara da Kwalin Bango

Kwalin bango shi ne babban kwalin da ake zana haruffa, lambobi ko hotuna a kai, a rataye shi inda yara za su gani. Wannan darasi na iyaye ne da masu raino da malaman ajin share fage, wato masu kula da yara 'yan shekara 3 zuwa 5. Kwali ba ya koyarwa don an rataye shi kawai. Yana fara amfani ne ranar da yaro ya taso ya ɗora yatsa a kai, ya faɗi abin da ya gani da bakinsa.

Na kasuwa ko na gida?

Yawancin kwalayen da ake sayarwa a kasuwa da shagunan littattafai da Ingilishi aka yi su, ko da Faransanci a Nijar da Kamaru da Cadi. Suna da kyau da sheƙi, amma ga yaron da Hausa yake ji a gida suna kawo ruɗani. Za ku ga an zana giwa a ƙarƙashin harafin E. Yaro ya duba hoto ya ce "giwa", sautin farko da ya fito daga bakinsa kuwa g ne. Ke nan hoton da aka sa don ya taimake shi ya kai shi wata hanya dabam. Ban da haka, babu ɓ, ɗ, ƙ, ts, sh da 'y a jerinsu, ga kuma p, q, v da x waɗanda kalmomin Hausa na asali ba sa buƙata. Mu a ganinmu, kwalin da kuka zana da hannunku da Hausa, ko da zanen bai yi kyau sosai ba, ya fi na kasuwa amfani a shekarun nan. Na Ingilishi ko Faransanci lokacinsa na zuwa, sai a ajiye shi dabam.

Kayan aiki

Farin kwali babba guda ɗaya, ko bayan tsohuwar kalanda, ko farin buhun shinkafa da aka wanke ya bushe. Maka, wato alƙalamin zane mai kaurin baki, baƙa ko shuɗiya mai duhu, da ja guda ɗaya. Fensir da rula. Kara biyu ko gora, igiya kamu biyu, da farar leda mai nuna abin da ke cikinta. Kada a rubuta harafi da ruwan ɗorawa ko kore mai haske, domin daga nesa ba a ganinsu, kuma rana tana saurin kashe su.

Zane

Ku fara ja layi da fensir, ku raba kwalin gida shida ko takwas. Kada ku wuce haka. Kwalin da aka cusa wa haruffa duka a lokaci ɗaya, idon yaro ba ya sanin inda zai sauka a kansa. A kowane gida a sa harafi ɗaya da hoto ɗaya. Tsawon harafi ya kai santimita 10, wajen rabin taƙi ke nan, kaurin layinsa kuma kamar ɗan yatsa. Kafin ku bi da maka, ku jingina kwalin, ku koma inda yaro na ƙarshe zai zauna, ku durƙusa ku duba. In kun kanne ido kafin ku gane, a ƙara girma.

Ku fara da ƙananan baƙaƙe, domin su suka fi yawa a kowane littafi. Manyan su biyo baya, sai dai harafin farko na sunan yaro, wanda yana da kyau ya san shi tun da wuri. Ku zaɓi siffa ɗaya ta harafin a ku tsaya a kanta, don a ɗin da ake bugawa a littafi ta bambanta da wadda ake rubutawa da hannu, yaro kuwa zai ɗauka haruffa biyu ne. Lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ ta fito sarai, in da hali a yi ta da jar maka. Wannan 'yar lanƙwasa ita ce ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa. A Nijar ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, sai kowa ya bi abin da yaransa za su tarar a firamare.

Zaɓen hoto shi ne inda aka fi yin kuskure, saboda haka ku tsaya a kansa. Hoton ya zama abin da yaro ya sani a gidansu, kuma mai suna ɗaya tilo. In kuka zana mage don harafin m, wasu yaran za su ce kyanwa. In kuka zana kaza da tsayin zanko, za su ce zakara. Mota ta fi dacewa da m, kifi ya fi dacewa da k. Haka kuma kada a sa kwano a ƙarƙashin k ko ƙwai a ƙarƙashin ƙ, domin sautin farkonsu ya haɗu da w. Ga waɗanda ba sa ba da matsala: ayaba, bokiti, ɓera, cokali, doki, fitila, ido, ƙofa, raƙumi, takalmi, tsintsiya, ungulu, wuƙa, zomo. Wasulan e da o ba su cika zuwa a farkon kalmar Hausa ba, don haka a nuna su a ƙarshe, kamar a kare da zomo, a ja musu layi. Hanya mafi sauƙi ta gwada hoto ita ce a nuna wa yara uku ba tare da an ce komai ba. In bakinsu ya zo ɗaya, hoton ya yi.

Ratayewa

Manya suna rataye kwali daidai idonsu, kusa da rufin ɗaki, don kada yara su yaga. Kwalin da hannun yaro ba ya kaiwa ado ne kawai. Tsakiyar kwali ta kasance kamar kamu biyu daga ƙasa, ƙasa da mita ɗaya kaɗan, yadda wanda ke zaune a tabarma zai gani ba tare da ɗaga wuya ba, wanda ya miƙe kuma zai taɓa layin sama. Amma ƙusar kanta a kafa ta can sama, a sauko da kwalin da igiya, domin ƙusa daidai fuskar yaro haɗari ce.

A ɗinke kara ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, don kada iskar hunturu ta riƙa naɗe shi. A lulluɓe da leda saboda ƙura da dattin hannu. Kada a manna shi da kunun sitaci a bangon ƙasa: gara da kyankyasai za su bi shi, da damina kuma danshin bango zai jiƙa shi tawada ta narke. Haske ya zo daga gefe ko daga bayan yara. In an rataye shi jikin taga, hasken waje zai kashe musu ido, kwalin ya yi duhu.

Yadda darasi yake tafiya

Minti 10 zuwa 15 ya isa. Yara su zauna rabin da'ira, kada su wuce 12 a lokaci ɗaya. In ajin ya kai 40, a kasa su, wasu na gaban kwali, wasu na zana harafi a rairayi. Mai koyarwa ya tsaya a gefe, ya riƙe ɗan kara don nuni, ya sa bakin karan a ƙarƙashin harafi ba a kansa ba.

Da farko ku nuna hoto ku tambaya, "Mene ne wannan?" Su ce mota. Ku ja sautin farko, "mmmota", su ga yadda leɓɓanku suka haɗu. Sannan ku nuna harafin ku ce, "Ga mai wannan sauti." Ku faɗa ku kaɗai sau biyu, ku faɗa tare da su sau uku, sannan ku kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taso ya bi harafin da yatsa yana faɗi. Daga nan a bar kwali a koma ɗaki: wa ke da suna mai farawa da wannan sauti? Musa, Maryam, Mustafa. Me kuma a gida? Madara, masara, mai. A rufe da zana harafin a iska da kuma a ƙasa.

Harafi ɗaya ko biyu a mako ya wadatar, kuma ba dole ba ne a bi jerin abacada. In kun fara da a, m, k da n, cikin 'yan makonni yara masu shekara 5 za su iya haɗa gaɓoɓin ma, ka, na, su karanta mama, kaka, nama, kama. Murnar da yaro ke yi ranar da ya karanta kalma ta gaske ita ke sa ya so dawowa. A raba b da d da tazarar makonni, don a idon yaro abu ɗaya ne aka juya. Ɗan shekara 3 kuwa kada a matsa masa da haruffa. Ya faɗi sunan hoto, ya yi magana a kansa, wannan ma karatu ne.

Yaran da ke zuwa makarantar allo sun saba farawa daga dama. Wannan ba kuskure ba ne, ƙa'idar rubutun Larabci ce. Ku sa jan ɗigo a kusurwar hagu ta sama, ku gaya musu a wannan kwali daga nan ake tashi, kuma karan nuninku ya riƙa bin wannan hanya kullum.

Babbar matsala: hadda ba tare da ganewa ba

Aji zai iya rera "a, ba, ca, da" da ƙarfi har maƙwabta su ji, alhali rabin yaran ba su kalli kwali ba. Sun haddace waƙar ne, da kuma wurin da kowane abu yake. Dalili shi ne kullum daga farko ake somawa, kuma kullum baki ɗaya ake amsawa, masu ƙarfin murya suna jan sauran. Don ku gane gaskiya, ku yi abu uku. Ku nuna haruffa a tsallake, daga ƙasa ko tsakiya. Ku rufe hoton da tafin hannu ku bar harafin shi kaɗai. Ku rubuta harafin a guntun kwali dabam, ku ba yaro ya nemo ɗan'uwansa a bango. Wanda ya kasa, kada a yi masa tsawa, kada a bar yara su yi masa dariya. A rage masa zuwa haruffa biyu, a sake daga nan.

Ku lura da yaron da ke kanne ido, ko matsowa har hancinsa ya kusa taɓa kwali, ko wanda ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya. Sau da yawa ba rashin ƙoƙari ba ne, ido ne ko kunne. A matso da shi gaba, a shawarci iyayensa su kai shi asibiti.

Lambobi da launuka

Kwalin lissafi ya fara da 1 zuwa 5, daga baya a kai 10. Kusa da kowace lamba a yi ɗigo manya daidai adadinta, a jera su biyar biyar. A ba yaro marafan kwalba ya ɗora ɗaya a kan kowane ɗigo, kwalin yana shimfiɗe a tabarma, yana ƙirgawa. In ya gama ku tambaye shi, "To, nawa ne duka?" In ya sake komawa ƙirga daga ɗaya, bai riga ya gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimla ba, sai a ci gaba da uku da huɗu tukuna. A guji tsakuwa ƙanana da wake, don yara kan cusa su a hanci ko kunne.

Don launuka, ku karɓo ƙyallaye a wurin tela, masu launi ɗaya ba masu zane ba, ku ɗinka a buhu: ja, fari, baƙi, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa. Yaro ya taɓa, sannan ya nemo irinsa a rigar wani. Wasu yara, galibi maza, ba sa rarrabe ja da kore tun haihuwa, duka ko faɗa ba sa gyara wannan.

Kwali ɗaya kada ya wuce mako uku ko huɗu a wuri ɗaya, domin abin da ido ya saba da shi ya daina ganinsa. A sauke, a naɗe, a ajiye a akwati, a fito da shi bayan wata biyu don bita.

Aikin wannan mako

Ku zana kwali mai gida huɗu da a, m, k, n da hotunansu. Ku gwada hotunan a kan yara uku, ku rubuta sunan da kowannensu ya kira, ku zo da kwalin a darasi na gaba mu duba girman haruffan tare daga bayan ɗaki.