Kyanwa a gidan haya: yadda ake sa mata hular farce don ceton kujeru

A gida ƙasar Hausa kyanwa ba ta cika taɓa kayan ɗaki ba, domin tsakar gida a buɗe take, ga gindin darbejiya, ga turmi, ga itacen girki, duk inda ta ga dama ta wasa faratanta. A Ingila ko Jamus ko Amurka kuwa, sau da yawa a bene take wuni, ƙofa a kulle, don haka hannun kujerar falo da labule da kafet su ne bishiyarta. Wadda ba ta cizo ba ta yakushi ai kyanwar Lami ce kaɗai.

Ɓarnar kuɗi ce kai tsaye idan gidan da kuka kama da kayansa aka ba ku. A Ingila, tun dokar 2019, kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa a yawancin gidaje ba ya wuce hayar mako 5. A Jamus yana iya kaiwa hayar wata 3. Daga nan ake yanke kuɗin gyara ranar da za ku tashi. Ku fara duba takardar haya ku ga ko an yarda da ajiye dabba, ku kuma ɗauki hoton kowace kujera ranar shiga. 

Kada wani ya ba ku shawarar a cire mata faratan gaba ɗaya. Aikin ba yankan farce ba ne, guntule gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa ne har da ƙashi. Haramun ne a Birtaniya da Jamus idan ba don magani ba, jihar New York ta hana a 2019, Maryland ta bi sahu a 2022. Ko a inda doka ta yi shiru, kyanwar da aka yi wa haka kan koma cizo ko ta ƙaurace wa kwanon yashin da take kashi da fitsari a ciki saboda zafin dagi.

Abin da ake yi a madadin haka shi ne 'yan hulunan roba masu laushi da ake manna wa a kan kowane farce. Kyanwa za ta ci gaba da karta kamar kullum, amma bakin ya dakushe, ba ya huda yadi. A shagon kayan dabbobi ko a intanet ku nemi Soft Paws ko Soft Claws, ko makamantansu. Fakiti kan zo da huluna 40, da gam ɗinsa, da siririn bututun ɗiga gam. Kyanwa na da farce 5 a kowace ƙafar gaba, 4 a kowace ta baya. Na gaba ne ke ɓarna, su kaɗai za ku rufe. Na baya a bar mata ta yi susa. Kenan fakiti ɗaya sawu huɗu ne, kowane sawu kuma yana ɗaukar mako 4 zuwa 6.

Girman hula da nauyi ake zaɓa. Ƙarama ta dace da kyanwa mai kilo 3 zuwa 3 da rabi, matsakaiciya kilo 4 zuwa 6, babba ta manyan muzurai ce da suka haura haka, akwai kuma ta 'yan kyanwa. Ku hau sikeli da ita a hannu, ku sake hawa ku kaɗai, ku debe. Ku sayi masu launi, ja ko shuɗi. Masu garai-garai sun fi kyan gani, amma ba za ku lura ba idan ɗaya ta faɗi, ko ta daɗe fiye da ƙima.

Aikin na mutum biyu ne, kuma lokacinsa bayan ta ci ta ƙoshi tana gyangyaɗi. Ɗaya ya naɗe ta da tawul ya bar ƙafa ɗaya a waje. Ɗayan ya danna tsakiyar dagin a hankali da babban yatsa, farce zai fito. Ku duba shi a haske: daga tushe akwai wuri mai ja-ja, nan jijiya da jini suke. Tsinin fari kawai za a datse, kamar milimita 1 zuwa 2. Idan aka yanke da yawa, ban da zafi da jini, hular ba za ta sami abin kamawa ba. In tsautsayi ya sa jini ya fito, a danna garin masara a wurin na minti ɗaya ko biyu, a bar wannan farcen sai ya warke.

Kafin gam, a gwada hular a bushe. Ya kamata ta shige ba da ƙarfi ba, ta tsaya kafin ta taɓa fata. Idan ta yi tsawo, a rage buɗaɗɗen bakinta da almakashi. Wannan ɗan tazarar ita ce ke ba kyanwa damar mayar da farcenta ciki. Hular da aka tura har tushe ita ce ke sa ta tafiya tana ɗaga ƙafa kamar ta taka ƙaya.

Sai gam, kuma nan ne mafi yawan mutane ke kuskure. Kashi ɗaya cikin uku na hular kawai ake cikawa. A matse ta kaɗan gam ya bazu a ciki, a kawar da gashi, a zura, a riƙe ta gefe da gefe na daƙiƙa biyar zuwa goma. Idan gam ya yi yawa zai tumbatso ya manne gashi da fata, kyanwa ta wuni tana gwaguya har ta cire. Irin sufa-gulu ne, yana kama yatsun mutum ma nan take, don haka ku ajiye ruwan ɗumi da sabulu kusa. Kada ku shafa wa kyanwa ruwan goge jan farce. Bayan an gama a riƙe ta minti 5 ana ba ta ɗan abin marmari har gam ya bushe. Idan ta fara gurnani tana kaɗa wutsiya, a sake ta, a ƙarasa gobe. Ba dole ba ne a gama goma a zama ɗaya.

A satin farko biyu ko uku za su iya faɗuwa, musamman ga wadda ba ta saba ba. A mayar da sabbi kawai. Faɗuwarsu daga baya ma daidai ne, domin farcen kyanwa yana saɓa ɓawonsa na waje, hular ta tafi da shi. Wadda ta ƙi faɗuwa ita ce abin tsoro. Farce yana ci gaba da tsiro yana lanƙwasa, in an manta sai ya nutse cikin tsokar dagi ya yi ƙurji. An fi samun haka a farcen nan na gefe da ke can sama kamar babban yatsa, wanda ba ya taɓa ƙasa, da kuma tsofaffin kyanwoyi masu kaurin farce. Ku duba ƙafafun kowane mako. Hular da ta wuce mako 6, a datse tsininta da abin yanke farce, a ɓare sauran. Kumburi, wari ko ɗingishi kuwa na likitan dabbobi ne, kuma da yawansu suna sa hulunan da kansu a kan kuɗi kaɗan, wanda ya dace a karon farko don ku ga hannu.

Kyanwar da ke fita waje ba a sa mata, domin da faratan take hawa katanga ta tsere wa kare. Haka mai ciwo a farce.

Hula ba ta kashe sha'awar karta, tunda da ita kyanwa ke miƙa jiki tana barin ƙamshinta a wuri. Shi ya sa muke ganin a ɗauke ta a matsayin sayen lokaci. Ku samo turken karta da aka naɗe da igiya mai kaushi, tsayinsa kamar santimita 80, mai nauyin gindi da ba ya rawa, ku kafa shi dab da kujerar da ta fi so, ba a lungun da ba ta zuwa ba. Wasu sun fi son kwali a shimfiɗe a ƙasa. Gefen kujerar kuma a liƙa masa salatif mai danƙo fuska biyu, bayan an gwada a ɓoyayyen wuri an ga ba ya ɓata yadin. Idan ta koma turken da kanta har na 'yan makonni, ku bar hulunan su zube, ku koma datse tsini kowane mako 2 zuwa 3.