Darasi na Bakwai: Murar Aladu a Cikin Gida

Ranar da malamar asibiti ta ambaci sunan cutar a ajin yaƙi da jahilci, wata dattijuwa ta ce, "Malama, mi ya haɗa mu da alade a Sakkwato? Ba mu kiwonsa, ba mu cinsa."

Malamar ta ce, "Gaskiyarki, Inna. Sunan ne ke ruɗa mutane. Daga mutum ake ɗaukarta."

An fara ganin wannan mura a Meziko da Amurka a watan Afrilun 2009. Ƙwayar cutar, wadda likitoci ke kira H1N1, ta yi kama da ta murar da ke kama aladu, shi ya sa sunan ya bi ta. A watan Yunin shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zama annoba, a Agustan 2010 kuma ta sanar da ƙarshen annobar. Amma ƙwayar ba ta ɓace ba, ta shiga sahun murar da ke zagayowa kowace shekara. Tari da atishawa ke yaɗa ta, sai hannun da ya taɓa majina ya kai ido ko hanci ko baki.

Tana zuwa ne farat ɗaya, kwana 1 zuwa 4 bayan an ɗauka: zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro, ciwon kai, jiki kamar an yi wa mutum duka. Yara kan haɗa da amai da gudawa. Tun da zazzaɓin cizon sauro ma haka yake farawa, kada a yi canke. A je a gwada jini.

Yawancin mutane kan warke a gida cikin mako guda. Maras lafiya ya kwanta ya huta, a yawaita ba shi ruwa da kunu, mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Farasitamol na sauke zazzaɓi, amma kada a ba yaro asfirin. Kafso ɗin nan da ake rugawa kemis a saya kuwa, ba ya kashe ƙwayar mura, asarar kuɗi ce kawai. Akwai maganinta mai suna Tamiflu, likita ke rubuta shi, kuma ya fi aiki idan an fara sha cikin kwana 2 na farko. Saboda haka mai juna biyu, da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, da tsoho, da mai asma ko sikila ko ciwon suga, ba a jira da su a ga abin da gobe za ta yi.

Ga abin da ya fi komai a darasin nan. Ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, ki duba agogon waya, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Jariri da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa da ƙarfi, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne, na unguwa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Da hunturu mukan rufe ƙofa da taga, mu cunkusu ɗaki ɗaya da kaskon wuta. Nan mura ke samun yadda take so. A ware wa maras lafiya shimfiɗarsa da kofinsa, kada ya sha da moɗar randa, a bar iska ta riƙa shiga. Mai tari ya rufe baki da lanƙwasar hannu. Wankin hannu da sabulu za a yi, ruwan buta kaɗai bai isa ba. Masu zuwa dubiya, zumunci ne, Allah ya ba da lada, amma su gaisa daga bakin ƙofa, goyo kuma a bar shi gida. Akwai allurar rigakafin mura ta shekara-shekara, wadda Saudiyya ke shawartar maniyyata su yi. A tambaya a asibiti.

Aikin gida: yau da dare ki ƙirga numfashin ƙaramin yaron gidanku, ki rubuta shekarunsa da lambar da kika samu, ki zo da ita aji.