Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa tsohuwar motar Amurka mai silinda takwas sabuwar salansa

Daga 1964, shekarar da Pontiac ta fito da GTO, Ford kuma ta fito da Mustang, har zuwa farkon shekarun 1970, kamfanonin motoci na Detroit sun yi ta gasar cusa manyan injina masu silinda takwas cikin motoci matsakaita. Chevelle SS, Camaro, Dodge Charger, Plymouth Road Runner, duk 'yan wannan zamani ne. Yau duk wanda Allah ya hore wa ɗaya daga cikinsu, abin da hankalinsa ke fara zuwa kai shi ne salansa. Yana da hujja kuwa. Manifol ɗin da suka zo da shi, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin silindoji ya kai shi bututu, na zubin ƙarfe ne mai nauyi, yana shaƙe inji, ga tsatsar shekara hamsin ta cinye bututun. Sai dai yawancin ɓarnar da ake yi a wannan aiki tushenta ɗaya ne: mutum ya tafi neman ƙara da girman bututu, ya manta da cewa motar da ke gabansa tsohuwa ce, ta ratsa hannaye da yawa, kuma zafi ba ya raga wa komai a ƙarƙashinta.

Kuskuren farko tun kafin a ɗauki sufana ake yin sa. Mutum zai ga an rubuta cewa kayan na Camaro 1969 ne, ya biya kuɗi, ba tare da ya leƙa ƙarƙashin motarsa ba. Da wuya ka samu irin waɗannan motoci yadda suka fito daga kamfani. Wani ya canja inji, wani ya canja giyabos, wani ya sa kan inji na alminiyam. Heda, wato bututan nan da kowace silinda ke da nata har su je su haɗu wuri guda, ba a yi ta don sunan mota kaɗai ba, an yi ta ne don inji kaza da giya kaza da sitiyari kaza. A ƙaramin injin Chevrolet akwai kan inji mai miƙaƙƙen fulogi, akwai mai karkatacce, hedar ɗaya ba lalle ta shiga ɗaya ba. A Mustang ta shekarun 1960 mai sitiyarin mai, doguwar heda kan ci karo da silindar sitiyarin, sai an sa ƙarfen da ke sauko da ita ƙasa. Motocin Dodge da Plymouth kuwa sandunan ƙarfe masu murɗawa ne ke ɗauke da gabansu maimakon sifirin, kuma ta inda bututu zai bi suke kwance. Idan motar mai kuloci ce, akwai ƙarafan da ke haɗa feda da kulocin a wannan lungun. Motar da ta fito da bututu ɗaya, wani lokaci ƙarfen da ke tallafe da giyabos mashiga ɗaya ke gare shi, sai an canja shi da mai biyu. Ka rubuta duk waɗannan, ka ɗauki hotuna, ka tambayi mai sayarwa kafin ka biya.

Sannan ka duba robobin da injin ke zaune a kai. Idan sun lotsa, injin ya sauka ko ya karkata, hedar da aka ƙera daidai sai ta riƙa taɓa akwatin sitiyari. A nan ne ake ɗauko guduma a lotsa sabon bututu, alhali sababbin robobi ne maganin.

Yanzu batun girma, inda aka fi asarar kuɗi. Ana cewa inji na buƙatar ɗan toshewa a salansa don ya yi ƙarfi. Wannan ba gaskiya ba ne, toshewa ba ta amfanar inji. Abin da inji ke so shi ne hayaƙi ya fita da gudu. Duk sanda bawul ya buɗe, curin hayaƙi mai zafi kan fita a guje, ya bar zuƙa a bayansa, wannan zuƙar ce ke taimaka wa silinda ta amayar da sauran hayaƙin har ta fara jawo sabon mai da iska. Idan bututu ya yi faɗi fiye da kima, hayaƙin sai ya baje, ya huce, ya rage gudu, kamar ruwan da ya fito daga tiyo ya shiga kwata. Zuƙar ta tafi, motar ta yi sanyin jiki wajen tashi daga tsaye, wurin da direba ya fi jin ƙarfinta a cikin gari.

Bambancin inci 2.5 da inci 3 a ido ba yawa, amma faɗin ramin ya ƙaru da kusan kashi 44 cikin 100. Injin Chevrolet 350, mai lita 5.7, ko Ford 302 da ba a yi wa wani babban aiki ba, bututu biyu masu inci 2.25 zuwa 2.5 sun ishe shi, da heda mai bututan inci 1 5/8. Inci 3 na manyan injina ne da aka yi wa aiki har suka haura ƙarfin doki 450 ko makamancin haka. Ko Chevelle ta 1970 mai inji 454 da aka rubuta mata doki 450 ba ta fito daga kamfani da bututun inci 3 ba. Kada kuma alƙaluman tsofaffin takardu su ruɗe ka. Kafin 1972, kamfanonin Amurka na auna ƙarfin inji ne a kan benci, ba tare da cikakkiyar salansa da sauran kayan da ke jan ƙarfinsa ba, don haka ƙarfin da ke cikin motar bai kai wanda aka buga ba. Abin da ya fi girma muhimmanci shi ne yadda aka lanƙwasa bututun. Wanda aka lanƙwasa da ƙarfe a cikinsa yakan riƙe faɗinsa a kwana, wanda injin gareji ya matse kuwa yakan tsuke a kowace kwana.

Akwai masu barin bututan biyu kowanne ya tafi hanyarsa har baya. Sun yi asara. Injin Chevrolet na tashin silindoji ne a jere 1-8-4-3-6-5-7-2, ka ga 8 da 4 gefe ɗaya suke, suna bin juna, haka 5 da 7 a ɗaya gefen. Hayaƙi kan cunkushe a bututu ɗaya yayin da ɗayan ke hutawa. Gajeren bututun da ke haɗa su mai siffar H, ko mahaɗa mai siffar X, shi ke daidaita wannan. H na ba da murya mai kauri irin ta da, X ta fi siririyar murya.

Wajen kwance tsohon manifol, gaggawa ce ke karya noti. Ka cire wayar batir tukuna, domin heda na wucewa dab da wayar sitata. Ka jiƙa notocin da man sassauta tsatsa tun ana gobe, wanda ya ƙi a gasa shi da wuta, a riƙa juya shi gaba da baya a hankali. Notin da ya karye cikin kan inji na iya jawo a sauke kan gaba ɗaya. Motar kuma ta zauna kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashi ba ne.

Wajen ɗaurawa, kuskuren shi ne ɗaure kowane yanki tam da zarar an sa shi. A rataye komai sakwa-sakwa tun daga heda har bakin bututun baya, a daidaita, a tabbatar akwai tazarar aƙalla yatsa biyu tsakanin bututu da bodi, sannan a fara ɗaurewa daga gaba zuwa baya. Walda ita ce ta ƙarshe. Bututu na ƙara tsawo idan ya yi zafi, shi ya sa ake rataye shi da roba. Wanda aka yi wa walda kai tsaye da shasi zai tsage, kuma duk jijjigar inji za ta shigo cikin mota. Notocin heda kuwa sun shahara da kwancewa. Bayan injin ya yi zafi ya huce, a sake ɗaure su, a maimaita haka a makonnin farko. Idan ka fara jin tik-tik-tik da safe wanda ke raguwa in inji ya ɗumama, gasket ne ya fara hurawa, ba bawul ba. Heda mai kaurin baki, inci 3/8, ba ta saurin lanƙwashewa kamar mai siririn baki, kuma akwai notoci masu makulli da aka yi musamman don wannan.

Zafi shi ne abin da na fi so mai mota ya tsaya a kai, domin a nan ne ake shiga haɗari. Zubin ƙarfe mai kauri ne, yana riƙe zafinsa. Heda siririya ce, ga faɗin jiki, tana fesa zafi ko'ina a ƙarƙashin bonet. Wayoyin fulogi ne ke fara ƙonewa: za ka ga robar bakin wayar ta yi fari ta farfashe, injin ya fara tsallake. A sa masu bakin da ya dace da kwanar, da rigar kare zafi. A motocin General Motors, sitata da makunninta suna manne wuri guda dab da heda. Mutum zai yi tafiya mai nisa, ya tsaya shan mai, ya murɗa makulli, motar ta yi ƙas ta yi shiru, sai ta huce ta tashi. Da yawa sukan sayi sabon batir a banza. Maganin shi ne garkuwar zafi, ko ƙaramar sitata, ko a sa makunni daban nesa da zafi irin yadda Ford ke yi. Bututun fetur da ya kusanci salansa kan sa mai ya tafasa ya zama tururi, motar ta mutu a cunkoso. Na birki ya fi muni. Man birki DOT 3 sabo yana jure digiri 205 a ma'aunin Selsiyos, amma wanda ya tsufa ya sha danshi zai iya tafasa a wajen 140, feda ta tafi ƙasa ba birki. Duk bututun mai ko na birki da ke kusa a kauda shi ko a yi masa garkuwa.

Naɗe heda da ƙyallen zafi na rage zafin, amma yana riƙe danshi ya cinye ƙarfen, kuma masu ƙera heda da yawa ba sa karɓar koke kan wadda aka naɗe. Fentin tangaram ya fi. Sai dai kada a yi tashin farko na sabon inji da heda mai wannan fenti, domin mintuna ashirin zuwa talatin ɗin da ake riƙe inji a juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti na iya ƙona shi. A yi da tsohon manifol.

Bayan an gama, mutane kan manta da kafireto. Injin ya samu numfashi, iskar da yake zuƙa ta ƙaru, man bai ƙaru ba. Alamarsa ita ce tari in an taka totur, fashe-fashe a salansa in an saki, da fulogi fari fat. A ƙara girman jet, wato ƙaramar ƙofar da mai ke bi a kafireto, mataki-mataki ana duba fulogi. Mafi kyau, tun ana walda a sa mazaunin na'urar auna iskar hayaƙi bayan mahaɗar heda, ko da ba za a saye ta yanzu ba. Idan kuma cok ɗin motar, wato murfin da ke rage wa kafireto iska in inji na sanyi, daga manifol yake samun zafi, cire manifol ya raba shi da zafin, zai zauna a rufe yana shan mai. A sa na lantarki.

Bututun baya yana hawa ne ta saman aksul, kuma aksul motsi yake yi. Wanda ya daidaita bututu mota na rataye tayoyi na lilo, da ya sauke ta ya hau gargada zai ji ƙarfe na dukan ƙarfe. A gwada da nauyin mota kan tayoyinta, a sake gwadawa tana rataye, a duba shakazoba da tiyon birki da tankin mai. Masu gudun wannan wahala sukan yanke bututun kafin aksul su karkata bakinsa ƙasa. Ban yarda da wannan ba a motar da ake shiga da iyali. Tsohuwar mota na da hujojin tsatsa a ƙasanta, robar but ta mutu, gubar da ke cikin hayaƙi kuma ba ta da launi ba ta da wari, ciwon kai da barci take fara sawa. Motocin kafin 1975 ba su da matatar hayaƙi, gubarsu ta fi ta motocin yau nesa ba kusa ba. Bututu ya fita har bayan bodi.

Zaɓen tukunyar salansa daga bidiyon waya shi ma kuskure ne. Waya ba ta ɗaukar gurnanin nan mai cika kunne da ke tasowa cikin mota wajen juyi 2,000. Motar da ke da giyar aksul 3.73 ba tare da giyar hutu ba, wato giyar sama da ke rage juyin inji a babban titi, tana juyi kusan 2,900 a gudun kilomita 97, ta wuce juyin da gurnanin ke tasowa. Ranar da aka sa mata giyabos 700R4 mai giyar hutu, juyin zai sauko wajen 2,000, gurnanin ya bayyana. Tukwane masu ɗakuna a ciki irin na Flowmaster sun fi yin haka, masu miƙaƙƙen rami da audugar gilashi irin na MagnaFlow sun fi laushi. Ka nemi mai irin motarka ka zauna a ciki ku hau babban titi. Idan an riga an sa, ƙaramar tukunya ta biyu a kowane bututu na rage shi.

Doka ma a duba ta kafin a yanka komai. A Amurka, cire matatar hayaƙi daga motar da ta fito da ita laifi ne a dokar tarayya, wannan ya shafi yawancin motocin 1975 zuwa sama, irin su Trans Am da Camaro na ƙarshen shekarun 1970. A Kalifoniya motocin 1976 zuwa sama na zuwa gwajin hayaƙi, kuma iyakar ƙarar salansar ƙananan motoci desibel 95 ce.