Yadda nake gina siffar suri da yumɓu

Wani suri ne a hanyar Jibiya ya jawo ni cikin wannan aiki. Ruwan sama ya zaizaye gefensa, ya bar tsagi-tsagi kamar an ja yatsu a kan malmalar tuwo. Tsagin nan kawai na ɗauko na dawo da shi Katsina a kaina. Haka nake yi da komai: a jikin kuka kumburin cikinta nake so, a ƙwallon goruba kuwa karkacewarsa. Ka zaɓi abu ɗaya ka bar sauran. Tunda ba mai rai kake kwaikwaya ba, babu mai yi maka zancen gunki.

Yumɓu wajen magina tukwane nake saye. Ka jiƙa shi kwana 2, ka tsince tsakuwa da saiwoyi. Sai ka daka tsingaron tsohuwar tukunya, ka tankaɗe, ka zuba kamar kashi 1 cikin 4, don shi ke hana aiki fashewa a wuta. Ka cuɗa sosai. In ka murza ɗan kaɗan ka naɗa a yatsa bai karye ba, ya yi.

Ka kafa gindin a kan kasko don ka riƙa juya shi. Ka murza igiyoyin yumɓu masu kaurin babban yatsa, kana ɗorawa ɗaya bisa ɗaya, kana dannewa ciki da waje har layin ya ɓace. Da irin wannan ginin hannu shahararriyar mai ginin tukwanen nan Ladi Kwali ta fara, wadda hotonta ke bayan naira 20. A nan siffa take fitowa: ka ɗora igiya ta ɗan leƙo waje, jiki ya buɗe, ka shigar da ita ciki, ya tsuke. Ni da gangan nake barin gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, domin ban taɓa ganin suri a miƙe sak ba. In ka kai tsawon taƙi guda, dakata ƙasan ya ɗan sha iska, in ba haka ba, zai lotsa. Ciki ya zama fanko, kuma ka huda ƙaramar kafa a ƙasa. Tsagin kuwa da sakaina nake ja, sannan in goge tudun da dutse mai santsi.

Shanya ce ta fi ba ni wahala. Na farkon da na gina, a tsakar gida na bar shi cikin hunturu, kafin asuba ya tsage daga sama har gindi. Ranar ko karin kumallo na kasa yi. Yanzu a ɗaki nake ajiyewa, in rufe da leda, in riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har sati 2. In ka kara shi a kunci ka ji sanyi, da sauran ruwa a ciki.

Wajen gashi, fara ɗumama shi a gefen garwashi, sannan ka lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu ka kunna. Tun yana da zafi nake yayyafa masa ruwan makuba, ya yi duhu da sheƙi. Bayan ya huce ka ƙwanƙwasa da yatsa: in ya yi ƙara tangararas, ya gasu.