Yadda Ake Zaɓar Santirifuj Da Ta Dace Da Ɗakin Gwaje-gwaje

Santirifuj na'ura ce da ke wulwula samfuri da gudu mai tsanani, har abin da ya fi nauyi ya kwanta a ƙasan kwalba, marar nauyi kuma ya taso sama. Da ita ake raba ƙwayoyin jini da ruwansa, da ita ake tara gurɓin fitsari kafin a duba shi a madubin likita. Kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne su fara da takardar talla, su nemi wadda aka rubuta wa gudu mafi yawa. Zaɓi mai kyau daga teburin aiki yake farawa, wato daga kwalbar da za a saka da kuma ƙarfin da gwajin yake bukata.

Mataki na farko shi ne a zauna a rubuta duk gwaje-gwajen da ake yi, da waɗanda ake sa ran farawa nan gaba kaɗan, a gefen kowanne kuma a rubuta irin kwalbarsa, da ƙarfin juyin da ƙa'idar gwajin ta tanada, da tsawon lokacin. Wannan takarda ita ce za ta raba gardama. Raba ruwan jini yakan bukaci ƙarfin da bai wuce 1,000 zuwa 2,000 ba na kimanin minti 10. Fitsari ya fi son lallashi, wajen 400 na minti 5, domin idan aka matsa masa, wasu abubuwa masu rauni da ake nema a cikinsa za su farfashe kafin ido ya kai gare su. Majinar ƙirji da ake tacewa don neman ƙwayar tarin fuka kuwa tana bukatar 3,000 na minti 15. Aikin ƙwayoyin gado a 'yan kwalabe masu cin mililita 1.5 ko 2 yakan haura 10,000.

Waɗannan alƙaluma ba adadin juyi ba ne, ma'aunin ƙarfi ne da ake kira g, kuma a nan ne mataki na biyu yake, wanda ya fi kowanne muhimmanci. A fuskar na'urar za a ga RPM, wato yawan juyin da take yi a minti ɗaya, za a kuma ga RCF, wanda ake rubutawa da harafin g, wato sau nawa ƙarfin da ke danna samfurin ya ninka jan ƙasa. Samfuri bai san RPM ba, abin da yake ji a jikinsa shi ne g. Dalili kuwa shi ne ƙarfin ya dogara da nisan da ke tsakanin tsakiyar juyi da gindin kwalba. Lissafinsa shi ne a ninka 0.00001118 da wannan nisa a santimita, sannan a ninka da adadin juyin, a sake ninkawa da shi. Na'urar da nisanta santimita 10 ne, idan tana juyi 3,000 a minti, tana ba da kusan g 1,000. Wata mai nisan santimita 16, a wannan gudun dai, tana ba da kusan 1,600. Ga na'urori biyu ke nan suna nuna lamba ɗaya a fuska alhali aikinsu ya sha bamban, shi ya sa ma'aikacin da ya saba cewa "ka sa shi a dubu uku" yakan rasa dalilin da sakamako ya canza ranar da aka sauya na'ura. A kuma lura cewa idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkuwa. Saboda haka abin da za a tambayi mai sayarwa shi ne iyakar g da na'urar ke kaiwa da ainihin kan juyin da za a saya, wato sashen da ke ɗauke da kwalabe yana juyawa da su, domin lambar da ake bugawa da manyan haruffa galibi ta ƙaramin kai ce marar nauyi.

Mataki na uku shi ne a dace da ajin na'urar. Ta kan tebur, wadda ake gani a yawancin asibitoci, takan tsaya tsakanin juyi 4,000 zuwa 6,000, kuma ta wadatar wa jini da fitsari. Ƙaramar da aka yi wa 'yan kwalabe takan kai juyi 15,000, ƙarfinta kuma wajen g 20,000. Akwai ta auna yawan jini, mai faifai da ake jera siraran bututun gilashi a kai, wadda ke yin kusan juyi 12,000 na minti 5, ba ta da wani aiki sai wannan. Ma'ajiyar jini tana bukatar babba mai zama a ƙasa wadda ke ɗaukar ledojin jini. A can ƙololuwa akwai mai matsanancin gudu, irin wadda masanin kimiyya Theodor Svedberg na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro a shekarun 1920, wanda ya samu lambar Nobel a 1926. Irinta na zamani takan kai juyi 100,000, tana aiki ne bayan an zuƙe iskar cikinta, kuma ta masu binciken ƙwayoyin birus da furotin ce. Wanda aikinsa jini da fitsari ne ba shi da abin yi da ita.

Daga nan sai kan juyi, wanda ma'aikata ke kira rota. Iri biyu ne suka fi yawa. A na farko kwalba tana zaune a karkace cikin rami, a kusurwar da takan kama daga digiri 25 zuwa 45, ba ta motsi. Wannan ya fi gudu, ya fi saurin tara gurɓi, amma gurɓin a gefen kwalba yake mannewa. A na biyu kwalaben suna cikin 'yan bokitai masu lilo, da zarar juyi ya kankama sai su miƙe a kwance, gurɓi ya tafi tsakiyar gindi, iyakar da ke tsakanin sassa ta fito a miƙe sumul. Ana ganin bambancin ƙarara a kwalbar jini mai ɗauke da jel. Idan aka juya ta a rota mai lilo, jel ɗin yakan tsaya kamar murfi mai kauri ɗaya tsakanin jajayen ƙwayoyi da ruwan ɗorawa na sama. A rota mai karkata kuwa sai ya kwanta a gicciye, kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗayan, kuma ta wannan siririn gefen ne ƙwayoyi kan iya kutsowa su gurɓata gwaji irin na fotashiyam. A ganina ɗakin da yawancin aikinsa kwalaben jini ne ya fara da mai lilo, ya tabbatar kuma cewa na'urar tana karɓar wani rotan idan bukata ta taso.

Girma ba ya bukatar dogon bayani. A ƙirga kwalaben da ke taruwa a sa'ar da aiki ya fi cunkushewa, ba na yini gaba ɗaya ba, sannan a duba ko akwai 'yan hannun riga da ake zura wa bokiti domin ya karɓi kwalbar mililita 5, da 15, da 50. Kada a manta da tsayin kwalba tare da murfinta, domin wadda ta yi tsawo takan bugi wata ko ta bugi rota idan bokiti ya miƙe.

Mataki na gaba shi ne batun sanyi. Gogayyar rota da iska tana haifar da zafi, kuma gwargwadon gudu da daɗewa gwargwadon zafin. Juyin minti 10 na jini na yau da kullum ba ya bukatar firji, amma furotin, da RNA, wato wani nau'in sinadarin gado, da ƙwayoyi masu rai, da wasu gwaje-gwaje irin na amoniya, suna son a riƙe su wajen digiri 4 na ma'aunin Celsius. Mai firji ta fi tsada, ta fi nauyi, ta fi shan wuta, saboda haka takardar da aka rubuta a matakin farko ce za ta nuna ko ana bukatarta.

Tsaro kuwa ba wurin rangwame ba ne. Dole murfi ya kasance mai kulle kansa har sai rota ya tsaya cak, dole kuma a samu na'urar da ke gane rashin daidaiton kaya ta kashe injin. Mutane sukan raina bambancin giram ɗaya tsakanin kwalabe biyu masu fuskantar juna, alhali a g 1,000 wannan giram ɗin yana ja kamar kilo ɗaya, a 20,000 kuma kamar kilo 20. Na taɓa ganin wata tsohuwar na'ura marar wannan kariya tana rawa tana matsawa zuwa bakin tebur, saboda kawai an manta kwalbar ruwan da ake daidaitawa da ita. Inda ake taɓa samfuri mai yaɗa cuta, a nemi bokitai masu murfi da zoben roba wanda ke hana feshi fita, waɗanda ake ɗauka a rufe a kai cikin akwatin kariya kafin a buɗe. Inji marar burushi ya fi, domin babu gawayin da zai cinye a riƙa sauyawa, kuma ƙararsa kaɗan ce.

Kafin a biya kuɗi, a auna wurin da za ta zauna. Tana son tebur mai ƙarfi wanda bai karkace ba, da sarari na kusan santimita 30 a kewayenta, da tsayin da murfi zai buɗe ba tare da ya bugi kanta ba. A duba ko ƙarfin wutar da take ci ya yi daidai da na ginin. A tambayi wanda zai gyara ta idan ta lalace, da tsawon lokacin da kayan gyara ke ɗauka kafin su iso, da wanda zai riƙa auna gudunta da agogonta lokaci zuwa lokaci. A kuma tambayi wa'adin rota, domin masu ƙerawa sukan ƙayyade masa shekaru ko adadin juyi, kuma na alminiyam gishiri da ruwan bilic suna cinsa a hankali daga cikin ramuka, inda ido ba ya saurin kaiwa.

Ranar da aka kawo ta, kafin a sa hannu a takardar karɓa, a cika ainihin kwalaben da ake aiki da su da ruwa, a jera su daidai, a kai ta iyakar gudun da za a riƙa amfani da shi, a saurari ƙararta, a dafa tebur a ji ko yana girgiza, a gwada buɗe murfi tana cikin juyi a ga ya ƙi. Sannan a sa mai kawowa ya nuna inda ramin buɗe murfi na gaggawa yake, domin wata rana wuta za ta ɗauke alhali samfurin majiyyaci yana ciki.