Kurakuran da ke sa daskararren yankan tsoka ya ɓalle daga gilashi lokacin rini

Ka tsoma gilashin da ka ɗora siririn yankan tsoka a kai don dubawa a maikiroskof a kwanon wanki na uku, ka ɗago, sai ka tarar babu komai a kansa in ban da da'irar da ka zana da alƙalami. Yankan da ka sha wuya kafin ka samu yana can yana yawo a cikin ruwa kamar saɓar maciji. Duk wanda ya taɓa zama gaban kirayostat, injin nan mai sanyi da ake yanka daskararriyar tsoka a cikinsa, ya san wannan takaici. Rinin ake fara zargi. A ganina ba kasafai laifinsa ba ne. Yanka ba ya ɓallewa sai ruwa ya sami hanyar shiga tsakaninsa da gilashi, kuma yawanci mu ne muke bar masa ƙofar tun kafin a taɓa kwalbar rini.

Kuskuren farko mai sauƙin gyara ne: amfani da gilashi na gama-gari. Tsoka cajinta na negatif ne, don haka gilashin da aka yi wa shafe mai cajin fozitif shi ke janyo ta ya riƙe, irin su Superfrost Plus, ko wanda aka shafa wa folilaisin, silan, ko jelatin. Sai dai shafen yana mutuwa. Akwatin da aka bari a buɗe watanni ya sha ƙura da laima, ko gilashin da aka dafa fuskarsa da yatsa mai maiƙo, sunansa kawai ya rage. A riƙa kama shi ta gefe, a rubuta ranar buɗe akwati a jikin murfi.

Sai ɗaukar yankan. Wasu sukan ajiye gilasai a cikin injin su yi sanyi ƙarara, sannan su yi mamaki yankan ya kwanta sama-sama bai kama ba. Abin da ke manna shi ɗan narkewar nan ce da yake yi idan ya taɓa gilashi mai ɗumin ɗaki. In dole ne ka ɗauka da gilashi mai sanyi, ɗora yatsanka a bayansa daidai wurin yankan, za ka ga farin ƙanƙarar yana narkewa daga tsakiya zuwa gefe. Kuma ka duba da kyau kafin ka ajiye. Kowane ninki, kowane kumfan iska, rami ne da ruwan wanki zai bi ya ɗaga sauran. Wuƙa mai dakushi ce ke kawo yawancinsu, ko sanyin da bai dace ba: digiri 20 ƙasa da sifili yana yi wa galibin tsokoki, kitse yana son sanyi fiye da haka, ƙwaƙwalwa da hanta kuwa sukan tsattsage idan sanyin ya yi yawa. Kauri ma yana da nasa. Maikiron (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) 5 zuwa 10 yana zama lafiya, daga 20 zuwa sama sai da lallami.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin busarwa, kuma gaggawa ce ke jawo ta. Yanka yakan yi kamar ya bushe cikin minti biyu, amma fuskarsa ce kawai. Ƙarƙashinsa da sauran danshi. Idan aikin na gano sunadarai ne da antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki da ke manne wa abin da ake nema, a ba shi aƙalla rabin awa a iskar ɗaki, awa ɗaya ta fi, ƙaramar fanka tana taimakawa. Tsokar da aka riga aka jiƙa a fomalin, ruwan maganin da ke hana tsoka lalacewa, sannan aka nutsar a ruwan sukarin sukuros na kashi 30 cikin 100 ta fi kowace taurin kai, domin sukarin yana riƙe danshi, fomalin kuma ya rage mata danƙo. Irin wannan na fi son in bar ta ta kwana. Banda guda ɗaya: yankan gaggawa da likitan tiyata ke jira majinyaci yana kan gado. Shi kai tsaye ake tsoma shi a fiksatif, wato ruwan maganin da ke ƙarfafa tsoka ya adana kamanninta, don bushewa a iska yana ɓata kamannin ƙwayoyin halitta.

To, ka busar yadda ya kamata, ka adana a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Ranar rini ka fito da akwatin ka buɗe nan take, raɓa ta sauka a kan gilasai, aikin jiya ya rushe. A bar akwatin a rufe har ya dawo ɗumin ɗaki, sannan a buɗe, a ƙara musu ɗan lokaci su sha iska.

Kada a tsallake fiksin, wato tsoma yankan a fiksatif, kafin dogon wanki. Minti 10 a asiton mai sanyi, ko minti 10 zuwa 15 a farafomaldehaid na kashi 4 cikin 100, yana ƙarfafa yankan. OCT, ruwan nan mai kauri da aka daskarar da tsokar a ciki, narkewa yake a ruwa, saboda haka idan yankan ya hau kan ragowar OCT na wani yanka, tare za su tafi.

Wanki kuma da tausasawa ake yinsa. Kada a feso ruwa daga kwalba kai tsaye kan tsoka. A zuba daga gefe ya gangaro, ko a tsoma a hankali, a rage gudun injin girgiza. Triton X-100, sinadari mai kama da sabulu da ake sawa a ruwan wanki, kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin 100 ya wadatar, ƙari yana sassauta riƙon. Tafasawa don fito da antijen, wato abin da antibodi ke kamawa, al'ada ce ta yankan tsokar da aka sa a cikin kakin farafin, yawancin daskararrun yanka ba sa bukatarta. In ta zama dole, ruwan sitiret mai pH 6 ya fi ruwan Tris-EDTA mai pH 9 sauƙi a kan yanka, kuma a tsaya ƙasa da tafasa, don kumfan ne ke yaye shi.

Guringuntsi da ƙashi kuwa, ko ka kiyaye duk wannan suna iya ƙi. Su ake ɗauka da tef na musamman da ake mannawa a fuskar daskararriyar tsokar kafin wuƙa ta wuce, yankan ya fito a jikinsa a miƙe.