Babi na 4: Wankin gorar zoɓo da ajiyarta

Ƴan uwana mata, sannunku da ƙoƙari. Wannan babin naku ne, ku masu zoɓo da lemun citta da kunun aya, da kuke ɗurawa a gorar roba ku ba yara su kai Kasuwar Dole ko tasha ko ƙofar lekol. A karanta layi bayan layi, a sa yatsa ƙarƙashin kowace kalma. Wadda idonta ya gaji ta huta, ta dawo. Ba tsere muke yi ba.

Darasi na 1: Zaɓen gora

Ɗauki gorar da aka sha ruwa ko lemo a cikinta, ki juya ta, ki dubi gindinta. Za ki ga ɗan zane mai kusurwa uku, da lamba a tsakiyarsa. Yawancin gorunan ruwa da na lemo lamba 1 ce a jikinsu. Lamba 1 ita ce mai kama da tsinke a tsaye, wadda muka fara koya. Robar da ke da wannan lamba ba ta jure zafi. Kika zuba mata tafasasshen ruwa sai ta lanƙwashe ta tsuke, kin yi asara. Ruwa mai ɗumi ya isa, wanda za ki iya barin hannunki a ciki.

Kafin ki saya, buɗe murfin ki sa hanci. In kin ji warin fetur ko kalanzir ko maganin feshin gona, kada ki karɓa ko da kyauta ne, domin roba tana riƙe wari, sabulu ba ya fitar da shi. Wadda aka tsinto a kewayen asibiti ma a bar ta, ba ki san me aka zuba ciki ba. Haka wadda ta yi dishi-dishi ko ta kakkarce daga ciki.

Darasi na 2: Wanki, da maganar murfi

Na san halin ruwa a Damagaram. Na san yadda ake jiran mai ga-ruwa a bazara, bido ɗaya a raba shi tsakanin girki da wanka da alwala. Shi ya sa ba zan ce ki saki famfo ba. Jera baho uku: na farko ruwa da omo, na biyu ruwa da jabel (ruwan nan da ake wanke fararen kaya da shi, mai kashe ƙwayoyin cuta), na uku ruwa mai tsabta zalla. Ki tara gorunan ki wanke su lokaci guda, ruwan zai ishe ki.

Abu na farko, kwance murfi. Kwance shi gaba ɗaya, ki raba shi da gorar, ki jefa shi cikin kwanon ruwan omo shi kaɗai ya jiƙa. Kada ki wanke gora da murfinta a rufe.

Sai ki ɓare takardar da ke jikin gorar. Zuba ruwan omo zuwa rabi, ki jefa ƙwayar shinkafa ɗanya kamar cikin cokali, ki toshe baki da tafin hannu, ki jijjiga sosai. Shinkafar ce ke kankare dattin gindi. Wasu na sa rairayi ko tsakuwa. A daina, suna karce robar, kuma cikin karcen nan datti ke maƙalewa.

Yanzu mu koma kan murfi. Ɗauko shi daga kwano ki kai shi wajen haske, ki leƙa cikinsa. Kin ga tsagin nan da ya zagaye shi, wanda ke kama bakin gora in an murɗa? Nan sukari ke kwanciya ya bushe, ya yi baƙi-baƙi, wani lokaci har fumfuna. Ɗauraya ba ta fitar da shi. Sayi buroshin haƙori sabo, ki ware shi don wannan aiki kaɗai, ki bi tsagin da shi sau uku, ki juya ki goge bayan murfin. Sannan ki goge tsagin da ke wuyan gorar, inda leɓen mai sha ke taɓawa. Murfi da wuya, murfi da wuya. Ki faɗa da bakinki kina yi.

In kin ga hannunki bai saba ba, babu komai. Goma na farko ne ke da wuya.

Ga dalilin da nake nanatawa. Wannan ɗan baƙin datti yana ɗauke da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Da sun haɗu da sukarin sabon zoɓo, ga zafin garinmu da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ga wuta da ake ɗaukewa firigo ya huce, sai su fara cin sukarin suna fitar da iska. Gora ta kumbura ta yi tauri kamar dutse, in an buɗe ta ce "tsss", zoɓo ya yi tsami yana kumfa. Wannan hanyar ce masu dafa giya suke bi da gangan, su zuba yis su jira. Ke ba giya kike sayarwa ba, kada murfi ya kai ki can ba ki sani ba. Ban da haka, bakin wani ya taɓa wurin nan, hannun wani ya taɓa, kuma ta abin sha marar tsabta ake ɗaukar taifot da amai da gudawa. Masu sayen naki yara ne, irin naki na gida.

Makon jiya na ce kowa ta kawo gorunan da ta wanke. Jikinsu fes, har suna ƙyalli. Na buɗe murafu ɗaya bayan ɗaya ina shafawa da farin ƙyalle, ƙyallen ya koma kamar an goge tukunya. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Wata baiwar Allah ta ce mini, "Malama, ai mai saye ba ya duba murfi." Na ce, "Inna, shi bai duba ba, ke kin sani, Allah kuma Yana gani." Wata uku muna zaune kan tabarmar nan, bai kamata a ce har yau muna kan murfi ba. Wadda ba za ta wanke shi ba, gara ta ƙulla a leda.

Darasi na 3: Jabel

Cika babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi sau 3, ki juye a baho na biyu, ki sa jabel cokalin cin abinci 1. Ɗaya tak, ƙari ba ya ƙara tsabta. Nutsar da gorunan su cika, tare da murafunsu, su yi minti 5. Kada ki haɗa jabel da lemun tsami ko wani maganin wanki, iskar da ke tashi tana cutar da ƙirji. Ɗauraye a baho na uku har warin ya tafi. A ɗaga jabel sama inda yaro ba zai kai ba.

Darasi na 4: Shanya

Kife gora baki ƙasa a cikin kwando mai tsabta, a inuwa. Murafu a faranti daban. Kada ki rufe gora da sauran laima a ciki, wari za ta yi.

Darasi na 5: Ajiya

In sun bushe sarai, a rufe, a zuba cikin buhu mai tsabta, a ɗaure baki saboda ƙurar hunturu da kyankyasai. A rataye nesa da murhu da rana. Wadda ta daɗe a ajiye a sake ɗauraye ta kafin ɗuri.

Aikin gida: rubuta kalmar "murfi" sau 10 a littafinki. Ranar Asabar kowa ta zo da gora 5 da buroshinta, zan zo da farin ƙyalle.